Yadda Ake Juya Mota Daga Otomatik Zuwa Manuwal

Ranar da giyar otomatik ta fara sulɓi, ka taka totur inji ya yi ta gurnani mota ba ta gaba, ko ka sa ribas ta yi jim kafin ta fizga, shawara biyu za ka ji a gareji. Wani zai ce a sayo wata otomatik ɗin ta Baljiyam a ɗora, wani ya ce a huta da wahala a mayar da motar manuwal. Ta biyun tana yiwuwa, kuma idan aka yi ta da kyau sai an faɗa wa mutum zai san ba haka motar ta fito daga kamfani ba. Sai dai giyabos, duk da shi ne babba a ido, ba shi ke ɓata aikin ba. Ƙananan kayan da aka manto a kasuwa da wayarin da aka yi a gurguje su ne ke mayar da mota abin takaici.

Zan yi misali da Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE, don ta cika titunanmu kuma kayanta ba sa wuyar samu. Otomatik ɗinta A245E ce mai giya huɗu, manuwal ɗinta C59 mai giya biyar. Tsarin aikin ɗaya ne a yawancin ƙananan motoci masu ja da ƙafar gaba, amma awon ɗaurin notuna da yawan mai na kowace mota daban ne.

Kafin a kwance ko noti ɗaya

Fara tabbatar da cewa otomatik ɗin ta mutu da gaske. Zaro sandar awon man giya ka duba. Idan man ja ne kuma ba ya warin ƙuna, akwai sauran magana: wataƙila ya yi ƙasa ne, ko an zuba wanda ba nata ba, ko soket ya sha ruwa, ko solonoyid guda, wato ɗan bawul na lantarki da ke sauya giya, ya mutu. A sa kwamfuta a karanta. Idan kuwa man ya yi baƙi yana ƙauri, aka sauke farantin ƙasa aka tarar da garin ƙarfe ya lulluɓe maganaɗisu, to ta tafi.

Tambaya ta gaba: kamfani ya taɓa fitar da irin wannan motar, da irin wannan injin, a manuwal? Idan amsar a'a ce, ka haƙura. Sienna da Highlander da Lexus RX ba su da manuwal ko ɗaya, don haka ba inda za ka samo feda da kebul da ƙwaƙwalwar inji (birenbos) da za su dace da su. Duk wanda ya ce zai haɗa maka da walda da dabara, da kuɗinka zai koyi aiki. Sababbin motoci ma, waɗanda ƙwaƙwalwar inji da ta birki da dashbod ke magana da juna ta waya biyu, sun fi ƙarfin bakanike shi kaɗai.

Sannan ka tambayi kanka me za ka yi da motar. Direban haya mai dogon zango, ko mai zama inda babu masanin otomatik, juyin yana biyansa: kuloci kowane bakanike ya iya canza shi, kuma batir ya mutu a tura mota ta tashi. Mai motar gida da ke kutsa cunkoson cikin gari safe da yamma ƙafarsa ta hagu za ta gaya masa. Wasu tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 suke zaton manuwal za ta rage musu shan mai da rabi. Tana ragewa a kan tsohuwar otomatik mai giya huɗu, amma kaɗan ne, ba zai mayar da kuɗin aikin nan kusa ba. Ranar sayarwa kuma, da dillali ya ji an ce juyayya ce zai karya farashi.

Idan motarka mai giyar robot ce

Akwai wasu 'yan Turai da ba su da fedar kuloci amma ba otomatik ce ta ainihi ba: MMT ta Toyota a Yaris da Auris da Corolla Verso, Easytronic ta Opel, i-Shift ta Honda. Cikinsu manuwal ne, da kuloci da komai, ƙananan injunan lantarki ne ke taka kulocin su sa giya. Alamar ciwon MMT sananniya ce, harafin N ya riƙa ƙiftawa a dashbod mota ta ƙi shiga giya. Kafin ka yanke hukunci, a canza kuloci idan ya cinye, a sake saita shi da kwamfuta, don sau da yawa iya matsalar ke nan. Idan juyin za a yi, ɓangaren ƙarfe ya fi sauƙi tunda fulawil, faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa, yana nan, amma na lantarki ya fi wuya, domin ƙwaƙwalwar inji tana jiran izini daga ƙwaƙwalwar giya kafin ta bari a yi kik. Yawanci gara a ɗora cikakken giyabos na manuwal da a tsaya sassaƙa na robot ɗin.

Sayen kaya: mota ɗaya, rana ɗaya

A nan ake cin riba ko a faɗi. Ko Ƙofar Ruwa ka shiga a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko aike ka yi Ladipo a Legas, nemi wanda ke da rabin mota da ba a gama wargazawa ba, a ciro maka komai daga jikinta a gabanka. Tsintar giyabos a wannan rumfa, feda a waccan, shaf a wata, shi ke jawo a yi mako uku mota tana kan jak. Ka tafi da bakanikenka da mai wayarin ɗinka, ka biya su kuɗin yini, ya fi arha.

Abin da za a ciro:

- Giyabos, da mazauninsa na hagu da duk ƙarafan da ke riƙe shi.
- Fulawil da notunansa. Na otomatik tsawonsu daban ne, ba sa aiki a nan.
- Shaf na hagu da na dama.
- Fedar kuloci da ƙarfen da ke ɗauke da ita da makunnin da ke jikinta, haɗe da siririyar fedar birki.
- Mastan kuloci na sama da na ƙasa, da bututun ƙarfe da tiyon da ke haɗa su. Idan a motar kofin man birki ne ke shayar da kuloci, a haɗo da kofin.
- Sandar giya da gindinta, kebul biyu na giya, da robar da ke toshe inda suka ratsa jikin mota.
- Ƙwaƙwalwar inji, wato birenbos. In motar mai makulli ce mai cif, a haɗo da makullin da akwatinsa.
- Wayarin inji gaba ɗaya in ya samu, in bai samu ba a yanko soket na fitilar ribas da na sensar gudu da tsawon waya.
- Kik, ko da kana zaton naka zai yi. Idan naka ya dace sai ka mayar da wanda ka saya.

Faifan kuloci da murfinsa da boris ɗinsa kuwa sababbi za ka saya, na kamfani mai suna irin Aisin ko Exedy. Haka oyil-sil na bayan inji da na bakin shaf biyu. Wanda ya ɗora tsohon faifai don ya rage kuɗi zai sake biyan kuɗin sauke giyabos ba da jimawa ba.

Wani tarko da mutane ke faɗawa: kayan da aka yanko daga Japan ko Ingila na mota ce mai sitiyari a dama. Giyabos ɗin kansa zai iya dacewa, amma feda da bututu da masta ba za su zauna a motarmu mai sitiyari a hagu ba.

Giyabos yana ƙasa a rumfa, ka tsuguna ka duba da kanka. Kama sandar da ke shiga kuloci ka juya ta da hannu, ya kamata ta juya sumul ba gargada, kuma kada ta yi rawa sama da ƙasa. A sa kowace giya ta hannun zaɓin da ke samansa, har ribas, ana juyawa ana gani. A kwance notin zubar da mai a tara abin da ya rage a tafin hannu. In yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, a kawo wani. C59 ya yi suna da kukan boris idan ya tsufa ko aka bar shi da ƙarancin mai. Goge dattin jikinsa ka nemi tsagewa ko walda ko gam da aka shafa aka bi da fenti. Abin da ba ya ganuwa a ƙasa shi ne ko giya tana kartawa a kan gudu, saboda haka a rubuta maka a rasit cewa in bai yi ba za a canza, a kuma rubuta lambar da ke jikinsa.

Sauke otomatik

A cire kan batir mai alamar (−), a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa komai a cikin mota, domin na'urar da ke fasa jakar iska tana ƙarƙashin inda sandar giya take. Duk soket mai ruwan ɗorawa nata ne, a bar shi. A sassauta manyan notunan shaf tun mota tana ƙasa. In babu rami, a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe. Jak shi kaɗai ko bulon siminti ba abin da mutum zai shiga ƙarƙashinsa ba ne.

A zubar da man giya, a fitar da batir da mazauninsa da tukunyar iska, a cire kik. A saki ƙafafun gaba a zare shaf biyu. A cire tiyo biyu da ke kai man giya lagireto. Lagireton ba sai an canza ba, a toshe bakunan biyu kawai. Kowane soket da aka cire a liƙa masa takarda a rubuta sunansa, a kuma ɗauki hotonsa a wayar hannu.

Kafin a raba giyabos da inji, a kwance notuna shida da suka ɗaure konbata (zagayayyar tukunyar mai da ke tsakanin inji da giyar otomatik) da farantin bayan inji. Ta ƙasa ake kai musu, ana juya inji da sifana ta notin fulin gaba, ɗaya bayan ɗaya. A tallafe inji ta sama ko da jak mai katako a ƙasa, sannan a saki mazaunai a sauke giyabos tare da konbatarsa. Tana da nauyi kuma cike take da mai, in ta suɓuce a ƙafa ba ta da daɗi.

Fulawil da kuloci

Cire farantin otomatik tare da 'yan siraran wasoshi biyu da ke gabansa da bayansa. Na bayan yakan maƙale a bakin karanshaf, in aka ɗora fulawil a kansa ba zai zauna daidai ba. Yanzu da wurin yake a buɗe, canza oyil-sil. Duba kuma 'yan turaku biyu da ke daidaita giyabos da inji: sukan bi tsohon giyabos su tafi, yaran gareji su jefar da shi da su. Babu su, giyabos zai zauna a karkace da ɗan abin da ido ba ya gani, ya riƙa cin faifai da boris ana ta zargin kaya.

Fuskar fulawil in tana da tabon ƙuna ko layuka a kai ta a goge a injin sassaƙa ƙarfe. A wanke ta da fetur ko tina, a wanke fuskar murfin kuloci ma, don sabo yana zuwa da man hana tsatsa. Notunan fulawil takwas ne a 1ZZ-FE. A ɗiga musu gam ɗin noti, a ɗaure su a gicciye da sifana mai awo zuwa 49 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan a ƙara wa kowanne kwatar zagaye. Wannan ba wurin ɗaurin ƙarfin damtse ba ne. Motoci masu ja da ƙafar baya irin Hilux suna buƙatar ƙaramin boris a tsakiyar karanshaf, a tuna da shi.

Faifai yana da gaba da baya. Gefen da cibiyarsa ta fi tudu yawanci shi ke kallon giyabos, kuma masu kyau suna da rubutu a jiki. A daidaita shi a tsakiya cif da sandar daidaitawa ko tsohuwar sandar giyabos, a ɗora murfi a bi notunansa shida kaɗan-kaɗan a gicciye har 19 Nm. Giris ɗan lakuce ake shafa wa haƙoran sanda da inda cokali, ƙarfen da ke tura boris ɗin kuloci, ke gogawa. In ya yi yawa zai fantsama a faifai mota ta riƙa karkarwa wurin tashi.

Wurin ɗora giyabos, a ɗaga shi daidai da inji a riƙa girgizawa har sanda ta shige ya manne da kansa. Idan ya tsaya saura yatsa biyu, haƙora ne ba su haɗu ba ko faifai ya goce. Kada a janyo shi da noti, nan ake fasa kunnen giyabos ko a lanƙwasa sabon faifai. A ja da baya a sake. Bayan nan mazaunai, sababbin sil, shaf, kik. Babban notin shaf 216 Nm ne, a kuma doke bakinsa ya kulle. A zuba man giya 75W-90, kimanin lita 1.9, har ya fara dawowa ta ramin zubawa.

Feda da sandar giya

Ɗaga kafet da soson da ke bayan feda. A yawancin motocin da kamfani ya yi su iri biyu za ka ga shatar inda mastan kuloci zai zauna a jikin ƙarfen: babban rami a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. A auna da ƙarfen fedar a tabbatar, sannan a huda da injin huji, ba da wutar walda ba, don bayan wurin wayoyi ne da bututun birki. A shafa fenti a bakin hujin saboda tsatsa. Ƙarfen fedar yana da noti na sama da ke kama shi a ƙarƙashin dashbod. Wasu sukan bar shi don wurin da matsi, sai bangon ya riƙa lotsawa duk takawa har ya tsage.

Fedar birki ta otomatik faffaɗa ce, takalmi zai riƙa haɗa ta da kuloci. A sa siririyar. Yanke ta da ake yi dabara ce ta wanda bai samu ba, amma kada a yarda a yi wa hannunta walda. Sandar giya tana zama a ramukan da tsohuwar ta bari. Kebul biyun kada a lanƙwasa su sosai, kada kuma su kusanci salansa.

Wayarin

Soket ɗin da aka cire daga makunnin da ke jikin otomatik shi ne zuciyar aikin. A cikinsa akwai waya biyu da ke ba kik hanya sai giya tana P ko N, da wasu biyu na fitilar ribas. A gano su da mita da taswirar wayarin motar, ba da cankar launi ba. Na ribas a kai su makunnin ribas na sabon giyabos. Na kik a ja su zuwa makunnin fedar kuloci, yadda mota ba za ta tashi ba sai an taka.

Abin da aka fi yi a gareji shi ne a murɗe wayoyin kik biyun wuri ɗaya a naɗe da salatif, mota ta tashi kowa ya yi murna. Kada ka karɓa. Motar da aka yi wa haka tana zabura duk lokacin da aka murɗa makulli tana cikin giya, ko bakanike ne tsaye a gabanta, ko yaro ne ya shiga wasa a ƙofar gida. Kowane haɗi a yi shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

A Corolla ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke kula da inji da giya, tana bayan aljihun dashbod na gefen fasinja. Idan aka bar ta otomatik mota za ta tashi, amma za ta yi ta neman solonoyid ɗin da babu su, fitilar cek ta kama ta ƙi mutuwa, silo ya riƙa hawa da sauka, wani lokaci inji ya mutu in ka taka kuloci da AC a kunne. Cire ƙwan fitilar ba magani ba ne, ya dai hana ka sanin ranar da ainihin matsala ta zo. A ɗora ta manuwal mai dacewa da shekarar motar, a gwada soket-soket ɗin da taswira kafin a jona, in mai cif ce a haɗa ta da makulli. A duba ko makulli yana fita daga sitiyari, tunda a otomatik sai an sa P yake fita. Abin da ke riƙe shi a wasu motocin na lantarki ne, a wasu kebul ne da sai an cire. Mota mai kuruz kuma, wato na'urar da ke riƙe gudu ba sai an taka totur ba, sai an sa mata makunnin da zai kashe shi idan an taka kuloci.

Cire iska da gwaji

A cika kofi da man birki DOT 3. Yaro ya zauna a sitiyari, maigida yana wurin mastan ƙasa da sifana da siririn tiyo da aka tsoma a kwalba. "Taka! Taka! Riƙe!" Ya buɗe, mai ya fito da kumfa, ya rufe. "Saki." Da farko fedar za ta riƙa kwanciya a ƙasa sai an ɗago ta da hannu. Ana yi ana ƙara mai, don kofi ya bushe an koma farko. Idan kumfa ta ƙare, a saita fedar ta samu sako-sako na milimita 5 zuwa 15 kafin ta fara ja.

Kafin a fita titi a gyara birkin hannu. Masu otomatik da yawa sun shekara ba su ja shi ba, P ce ke riƙe musu mota, kuma yanzu babu ita.

A fara gwaji ƙafafun gaba suna sama: kowace giya, fitilar ribas, allurar gudu, yoyo a bakin shaf. Sannan a sauke a zaga unguwa. Ribas da giya ɗaya suna ƙin shiga in inji na aiki amma suna shiga in an kashe? Kuloci ne ba ya saki, akwai sauran iska ko sandar masta ta yi gajarta. Giya guda ce ke kartawa? Ciwon cikin giyabos ne, a koma da rasit tun wa'adi bai ƙare ba. Ƙara tana tashi sai an taka kuloci, boris ɗin kuloci ne. Tana nan a silo amma ta ɗauke in an taka, boris ɗin giyabos ne. Allurar gudu a gwada ta da taswirar wayar hannu a kan miƙaƙƙen titi, in sun saɓa da yawa sensar ba ta motar ba ce.

Sabon kuloci yana son a lallaɓa shi kilomita 500 zuwa 800 na farko, ban da fizga, ban da lodi, ban da ɗora ƙafa a kan feda. Bayan mako guda a koma gareji a sake bin notunan mazaunai da na ƙafafu, a duba man giya da kofin man birki, a kuma sa kwamfuta a goge tsofaffin lambobin da otomatik ta bari.